Ba Amurkawa ne suka kai jarida Filifin ba

Abin nan yana ɗan damuna wallahi, sai ka ji ana cewa Amurkawa ne suka fara kai ɗab'i da jarida ƙasar Filifin. Ba laifin masu faɗa ba ne, tunda manyan jaridunsu na yau da Turanci ake buga su, kuma Amurka ta karɓi ƙasar a 1898. Amma kafin nan Sifaniyawa sun yi sama da shekara 300 suna mulki, tun 1593 aka buga littafin addinin Kirista a Manila, babban birnin ƙasar, da Sifaniyanci da yaren Tagalog, a jikin katako ma aka sassaƙa rubutun sannan a danna a takarda. Jaridar farko kuwa 1811 ta fito, ta kullum-kullum kuma 1846. Abin da zuwan Amurka ya ƙara shi ne jaridun Turanci da yawan tallan kaya a cikinsu.