Ƙannena, Kujerar Shugaban Jami'a Ba Gadon Gidanku Ba Ce

Assalamu alaikum, ƙannena 'yan jami'a da waɗanda suka gama ba da jimawa ba.

Wa'adin shugaban wata jami'ar tarayya da ke kusa da mu ya kusa cika, an buga sanarwar neman wanda zai gaje shi. Kafin a rufe karɓar takardu sai ga samari a bakin ƙofar makarantar da kwalaye a hannu, suna ihu wai a wannan karon sai ɗan asalin jihar, in ba haka ba ba za a zauna lafiya ba. Na ja ɗaya gefe na tambaye shi wane ne gwanin nasu, me ya karanta, wane sashe ya taɓa riƙewa. Bai sani ba. Abin da ya sani kawai shi ne "namu ne". Wallahi raina ya ɓaci, domin yaron nan da ganinsa ɗalibi ne, kuma a makarantar da ya fito yi wa ihu ɗalibai na kwana su takwas a ɗakin mutum huɗu.

Wannan "namu ne" ita ce cutar da ke cin jami'o'inmu, kuma ku ake ba wa ita ku yaɗa. Manyan da ke son kujerar ba sa fitowa rana. Suna cikin ofis mai sanyi, ku ne a titi, ku ne a Facebook da WhatsApp kuna zagin farfesan da ba ku taɓa karanta layi ɗaya na rubutunsa ba, don kawai an haifi ubansa a wata ƙaramar hukuma, ko yana salla daban da taku, ko ba ya yin ta sam. An saka muku data, an ba ku na shayi, kun sayar da bakinku.

Kun ma san yadda ake naɗa shugaban? Majalisar gudanarwa ce ke da wuƙa da nama. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisar da manyan malamai ne ke tantance masu nema, ya miƙa sunaye uku, majalisa ta zaɓi ɗaya ta sanar da shugaban ƙasa, wanda aka zaɓa ya yi shekara biyar sau ɗaya tak. To a watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun nan gaba ɗaya, jami'o'i suka shafe kusan shekara babu su. Wa ya ɗaga kwali a cikinku? Ko ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

A Nuwamban 2024 aka rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, aka cire shugaban da ta naɗa. A Fabrairun 2025 aka yi irin haka a Jami'ar Abuja. Kafin nan, a 2020, Jami'ar Legas ta yi watanni ana kokawa tsakanin shugaban majalisa da shugaban jami'a. Waɗannan su ne wuraren tambaya: an bi ƙa'ida ko ba a bi ba, kuma ina 'yancin da aka ce jami'a na da shi idan daga Abuja za a iya share majalisarta da sanarwa ɗaya? Amma da na leƙa abin da matasa ke rubutawa a kan rikicin Abuja, rabin maganar a kan addini da yanki take, sai kuma wasu marasa kunya da suka koma kan cewa shugabar da aka cire mace ce.

Da mutanen Ile-Ife suka shiga Jami'ar Obafemi Awolowo a Maris ɗin 2022 da masu tsafi da kayan tsubbu, don an naɗa wanda ba ɗan garin ba, dariya muka yi ta yi muna turawa juna bidiyo. To mene ne bambancinku da su? Namu dai yana zuwa ne cikin babbar riga, ta fadar sarki, ta gidan ɗan majalisa, wani lokaci har ta kan mumbari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba dariya ake yi ba.

Na san za ku ce naka sai naka. Ku ƙarasa karin maganar mana: daɗin zama sai bare. Idan shugaban kawunka ne, ranar da ya ninka kuɗin rajista da wane baki za ka yi magana? Ranar da aka raba guraben aiki a ɓoye ba tare da an tallata ba, aka ba surukinsa kwangilar ɗakin kwanan da bai kai damina biyu ba ya fara yoyo, kana buɗe baki za a aiko dattijon unguwarku ya ce ka rufa wa ɗan'uwa asiri. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma kada ka yaudari kanka cewa in naku ya hau kai ma ka hau. 'Ya'yan waɗanda suka kai shi ne za su sami gurbin likitanci da lauya, kai da ka sha rana da kwali ko sakatariyarsa ba za ta bar ka ka shiga ba.

Ban ce garin da ya ba da gonakinsa aka gina jami'a ba shi da haƙƙi ba. Yana da shi, shi ya sa a tsarin ɗaukar ɗalibai aka ware kashi 35 cikin ɗari ga jihohin da ke kewaye, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi, cancanta tsantsa ta tashi da 45. Ku bi wannan ku ga ko ana cika shi. Ku nemi a nuna muku inda kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke shiga. Kujerar shugaba kuwa ta wanda ya iya ce.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009. Wace jami'ar tarayya ce ta tsira don shugabanta ɗan gari ne? Kowa gida ya zauna, 'yan mata da yawa aka aurar da su ba su koma ba, samari suka kama acaba da tuƙin adaidaita. Da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, jami'o'i suka fara kuka ana yanke musu lantarki, duhun bai tambayi kowa takardar shaidar ƙaramar hukuma ba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, ban manta da ku ba. Aikinku ya koma yawo ofis-ofis da lambar yabo ta katako kuna miƙa wa duk mai ba da ambulan. Wanda ya sayi takardar jarrabawa, ya biya aka rubuta masa kundin kammala digiri, ya yi shiru malami na lalata da 'yar ajinsu, shi ne yau zai gaya mana wanda ya dace da shugabanci? Haba!

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Da Sardauna ya kafa jami'a a Zariya a 1962, wanda aka ɗauko ya fara shugabantarta Norman Alexander ne, mutumin New Zealand da ya taɓa koyarwa a Ibadan. Wanda ya gaje shi a 1966 Ishaya Audu ne, likitan yara, Kirista, kuma ya riƙe ta har 1975 tana haɓaka. A 1978 Farfesa Umaru Shehu, ɗan Borno, ya je ya shugabanci Jami'ar Nsukka, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa. A daidai lokacin James Ezeilo ya zo Jami'ar Bayero, Oladipo Akinkugbe ya zo Zariya, Adamu Baikie ya tafi Benin. Gaskiya ne soja ne suka tura su, kuma ba dukansu suka daɗe ba. Ƙabilancin ma ba yau aka haife shi ba, don a 1965 Jami'ar Legas ta yamutse a kan sauya shugabanta Eni Njoku da Saburi Biobaku. Amma a da abin kunya ne a kama mai ilimi yana yi. Yau farfesa ne ke rubuta takardar koken, ya ba ku ku sa hannu.

Bature Abdullahi Smith ne ya kafa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970, ya tarbiyyantar da masana tarihinmu. Patrick Wilmot daga Jamaika ya zo ya koyar a Samaru har soja suka kore shi a 1988. A aji ɗaya za ka tarar da malami daga Ghana, wani daga Indiya, ɗalibi daga Kalaba yana raba ɗaki da na Argungu. Yanzu ka shiga wani sashen ka tarar malaman duk a nan suka yi digirin farko da na biyu da na uku, rabinsu 'yan gari ɗaya, ƙwararrun kuwa sun tattara takardunsu sun tafi Saudiyya da Ingila, kuma ban ga wanda ya ɗaga kwali don a dawo da su ba.