Rinewar hoto ba mutuwar talabijin ba ce

Da zarar hoton talabijin ya koma kore-kore ko ja-ja, sai a yanke hukunci cewa allon ya ƙone, a fara cigiyar mai gyara. Sau da yawa ba haka ba ne.

Daga launi uku kacal talabijin ke haɗa sauran: ja, kore da shuɗi. In ɗaya ya ɓace a hanya, biyun da suka rage su mamaye hoton. Ja ya tafi, fuskar mai karanta labarai ta koma shuɗi-shuɗi. Kuma yana iya ɓacewa a wayar da ke kawo wa talabijin hoto.

Ɗauki rimot ka buɗe jerin saitin talabijin ɗin kansa. In rubutun ya fito fari tas, allo lafiyarsa ƙalau. Zare wayar dikoda ko ta HDMI ka sake tura ta sosai, ko ka canza mata rami.

In jerin saitin ma ya rine, mayar da saitin hoto yadda ya zo daga kamfani, don yara ba sa barin rimot ya huta. Wanda ba ya jin wannan magani shi ne shuɗin da ya bazu a tsohuwar talabijin ta LED. Fitilun bayan allon ne suka tsufa, sai an canza su.