Sanin kemistiri daban, koyar da shi daban

Mutane da yawa na ɗauka cewa duk wanda ya yi digiri a kemistiri ya riga ya zama malami, sai dai a miƙa masa alli. Ba haka abin yake ba. A Najeriya, mai digirin kemistiri zalla sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, kamar PGDE, kafin hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta yi masa rajistar malanta. Wasu kuwa tun farko suke haɗa kemistiri da ilimin koyarwa a jami'a, har a tura su wata sakandare su yi makonni suna gwajin koyarwa.

A wannan gwajin ne ake gane bambancin. Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare bai taɓa ganin ƙwayar zarra ba, kuma makarantu da yawa ɗakin gwajinsu suna ne kawai. Malamin da aka horar zai jiƙa zoɓo ya raba shi kofi biyu. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. Ya zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya koma kore-kore. Yara sun ga aikin asid, wato sinadari mai tsami irin na lemon, da na kishiyarsa irin kanwa, da idonsu, ba a allo ba.

Akwai kuma tsaro, wanda a ganina ya fi komai. Malami ne zai hana yaro zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi, domin zafin da ke tashi kan sa ya fantsama a fuska. Asid ake tsiyayawa cikin ruwa, a hankali.