Fis ɗin da ya ƙone ba shi ne ciwon ba

Da yawa daga masu gyaran na'urar wasan pinbol, wadda ake buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a kan teburinta, irin na kamfanonin Williams da Bally da aka ƙera a Amurka, da zarar fis ya ƙone sai su sa sabo. Ya sake ƙonewa, su sa wanda ya fi shi ƙarfi. Wannan kuskure ne mai tsada. Fis ya ƙone ne don ya kare allon lantarki daga wutar da ta wuce ƙima, kuma mai ƙarfin zai bar ɓarnar ta isa can.

Sau da yawa laifin na dayod ne, ɗan ƙaramin abu mai lamba 1N4004 da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, wanda ke maƙale a ƙafafun koyil, wato naɗin wayar da ke motsa sassan na'urar. Aikinsa shanye wutar da ke dawowa idan koyil ya saki. In ya lalace, ko aka juya shi baibai, taransisto, wato makunnin da ke kunna koyil, shi ne zai ƙone, koyil ya maƙale yana zafi har ka ji ƙaurin roba.

Kashe na'urar tukuna. Cire ƙafa ɗaya ta dayod kafin ka auna da mitar gwajin lantarki, don koyil zai ruɗe ka. Lafiyayyen dayod yana nuna kusan volt 0.6 ta gefe ɗaya kawai. Wajen mayar da shi, zoben jikinsa ya fuskanci wayar da ke kawo wuta.