Ba fankar iska ce ta kashe mutanen Texas ba

Da zarar watan Fabrairu ya kama, sai wani hoto ya sake yawo a Facebook da WhatsApp: jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kan wata ƙatuwar fankar samar da lantarki wadda ƙanƙara ta daskarar, yana kwara mata ruwan zafi. A ƙarƙashinsa a rubuta cewa wai ga abin da ya jefa jihar Texas ta Amurka cikin duhu a 2021, wai dogaro da iska da hasken rana ne ya hallaka mutane. Har wasu 'yan bokonmu kan ɗauka su tura gaba da ƙarin gishirinsu, cewa ko Amurka ma sola ta ba ta kunya, balle mu. To hoton nan a ƙasar Suwidin aka ɗauke shi, a 2014, shekara bakwai kafin guguwar hunturun da ta afka wa Texas. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda tunawa da mutuwar ɗaruruwan mutane ta koma hanyar wanke waɗanda sakacinsu ya jawo ta.

Sanyin da ya sauka a tsakiyar Fabrairun 2021 ba na wasa ba ne. Duka gundumomi 254 na jihar sun shiga ƙarƙashin gargaɗin guguwar hunturu a lokaci guda. A yankin Dallas ma'auni ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifiri. Gidajen Texas kuwa domin zafi aka gina su, kuma da yawansu da lantarki suke ɗumama ɗaki. Kowa ya kunna na'urar ɗumama a daidai lokacin da tashoshin wuta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da tsakar daren 15 ga wata, ERCOT, hukumar da ke kula da babban layin wutar jihar, ta ba da umarnin a fara yanke wa jama'a wuta. Daga baya shugabanninta suka faɗa da bakinsu cewa saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin ya durƙushe gaba ɗaya, abin da zai iya ɗaukar makonni kafin a tashe shi. Gidaje da shaguna sama da miliyan 4.5 suka rasa wuta, wasu na kwana uku, wasu huɗu. Bututun ruwa suka fashe, aka umarci mutum kusan miliyan 14 su riƙa tafasa ruwa kafin su sha, alhali da yawansu ba su da abin kunna wutar tafasawar.

Wace tasha ce ta mutu? An yi bincike, kuma ba ɓoyayye ba ne. Hukumar makamashi ta tarayya, FERC, tare da NERC, hukumar da ke sa ido kan ingancin layukan wutar Arewacin Amurka, sun fitar da rahotonsu a Nuwamban 2021. A cikin injinan samar da wuta da suka tsaya ko suka rage aiki, kashi 58 cikin ɗari masu amfani da iskar gas ne. Fankokin iska kashi 27. Na hasken rana, waɗanda ake ta jifa da duwatsu, kashi 2 kacal. Tashoshin kwal sun tsaya. Har ɗaya daga cikin injinan nukiliya na tashar South Texas Project ya kashe kansa, saboda wani siririn bututun auna ƙarfin ruwa ya daskare. Rijiyoyin gas sun daskare tun daga baki, na'urorin tura gas a bututu sun tsaya. Akwai ma wani abin takaici da ba a cika faɗa ba: da aka fara yanke wuta, an yanke har da ta wuraren haƙo gas da turo shi, domin kamfanonin da yawa ba su cike takardar da za ta sa a san cewa wurarensu na cikin waɗanda ba a taɓawa ba. Ba wuta, gas ya tsaya. Ba gas, wuta ta ƙara raguwa. Takarda guda da ba a cike ba.

I, wasu fankokin sun daskare, ba mai musun haka. Amma irinsu na juyawa a Kanada da jihar Iowa da arewacin Turai cikin sanyin da ya fi wannan, domin a can an biya kuɗin na'urar da ke ɗumama su. A Texas ba a biya ba, kamar yadda ba a biya kuɗin lulluɓe bututun gas ba. Cutar ɗaya ce.

Gwamnan Texas, Greg Abbott, ya san da haka. A ranar 16 ga Fabrairu ya shaida wa wani gidan talabijin na Dallas cewa gas ya daskare a bututu da kuma wurin haƙowa. A daren ranar kuma ya bayyana a tashar Fox News yana ɗora laifi a kan iska da rana, yana cewa abin ya nuna hatsarin shirin makamashi mai tsafta na 'yan jam'iyyar Dimokurat. Magana biyu a yini ɗaya, kuma ta biyun ce ta yi fiffike ta zaga duniya har ta iso wayoyinmu. Laifi tudu ne.

Wasu za su ce ƙaddara ce, sanyi ne da ba wanda ya yi tsammani. Wannan magana ba ta da ƙafafu. An yi irinsa a Disamban 1989. An sake yi a Fabrairun 2011, lokacin da aka yanke wa miliyoyin mutane wuta, kuma hukumomin FERC da NERC suka rubuta rahoto a shekarar suna ba da shawarar a shirya tashoshi da rijiyoyin gas domin sanyi. Majalisar jihar ta bar abin a matsayin ganin dama, kamfanoni kuma suka yi kunnen uwar shegu, domin a kasuwar wutar Texas abin da ka sayar ake biyanka, ba a biyanka ladan shiri. Birnin El Paso da ke can yammacin jihar ya ji jiki a 2011, kamfanin wutarsa ya kashe kuɗi ya gyara, kuma birnin yana haɗe da layin yammacin Amurka. A 2021 wutar El Paso kusan ba ta motsa ba. Sanyi ɗaya, jiha ɗaya. Su kuma masu son a jingina komai a kan sauyin yanayi, su ma suna ba wa masu laifi mafaka ne ba su sani ba, domin rahoton 2011 bai buƙaci a warware wannan muhawara ba kafin a lulluɓe bututu.

Sai batun keɓewa. Texas ta daɗe da ware layin wutarta daga na sauran ƙasar, da gangan, domin kada dokokin gwamnatin tarayya su hau kanta. Ranar da ta buƙaci taimakon maƙwabta, hanyar shigo da wutar ta yi ƙanƙanta. Ana cikin wannan hali tsohon gwamna Rick Perry ya ce mutanen Texas sun gwammace su zauna ba wuta fiye da kwana uku da a ce Washington ta sa musu baki. Ban san wa ya tambaya ba cikin waɗanda ke ƙona kujerunsu da katakon shingen gida don su ji ɗumi. Sanatan Texas Ted Cruz ya hau jirgi da iyalinsa zuwa wurin shaƙatawa na Cancun a Meziko. Magajin garin Colorado City da ke jihar ya rubuta a Facebook cewa gwamnati ba ta da wani nauyin kowa a kanta, mai ƙarfi ne kawai zai rayu, daga baya ya sauka daga kujerarsa. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a riƙa tunawa duk shekara.

Gwamnatin jihar ta ce mutum 246 ne suka mutu. Wani bincike da 'yan jarida suka yi, inda suka kwatanta yawan mace-macen makon da na sauran shekaru, ya kai adadin wajen 700. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda hukuma ta ƙirga sanyi ne ya kashe su, da yawa a cikin ɗakunansu, tsofaffi a kan gado lulluɓe da duk bargon da suka mallaka. A Houston wata mata da yarinya ƙarama sun mutu bayan an tayar da mota a cikin garejin gida a rufe domin a samu ɗumi. A Sugar Land gobara ta cinye wata kaka da jikokinta uku a gidan da aka hura wuta a murhun ɗaki. Mutum 19 hayaƙi mai guba ya kashe, sama da 1,400 kuma aka kai asibiti saboda shi: na janareta, na gawayi, na mota. Wannan mutuwa mu mun san ta. Mun sha jin an wayi gari an tarar da iyali guda a kwance saboda janareta da aka shigar cikin gida da dare, ko kaskon gawayi da aka kwana da shi lokacin hunturu. Shi ya sa abin ke ba ni haushi idan na ga ɗan Kano ko ɗan Damagaram, wanda allon sola ne ke haska masa shago da tura masa ruwan rijiyar burtsatse, yana yaɗa farfagandar 'yan siyasar wata ƙasa a kan abin da ke rufa masa asiri.

Kuma a bi sawun kuɗin. Hukumar da ke sa ido kan harkar wuta a jihar ta ɗaga farashin sari zuwa ƙololuwa, dala 9,000 kowace megawat a awa, farashin da a ranakun da aka saba bai cika kai dala 50 ba. Kamfanin da aka ɗora wa sa ido kan kasuwar ya ce an bar farashin a sama awa 32 fiye da kima, kuma ya ƙiyasta ƙarin kuɗin da hakan ya jawo a dala biliyan 16. Masu sayen wuta daga kamfanin Griddy, wanda ke sayar musu bisa farashin sari, sun ga takardar kuɗin wuta ta dubban daloli a kan 'yan kwanaki. Gyaran a fili yake: a tilasta shiri tun daga bakin rijiyar gas har tasha, a faɗaɗa hanyar karɓar wuta daga maƙwabta, wanda ya ƙi kuma a ci shi tarar da za ta yi masa zafi. Majalisar jihar ta yi dokar shirin hunturu a Yunin 2021, bayan an binne mutane, kuma ɓangaren gas ya samu sassauci da jinkirin da tashoshin wuta ba su samu ba. Bashin biliyoyin daloli na makon nan an mayar da shi takardun lamuni, jama'a za su yi shekaru masu yawa suna biya a cikin kuɗin wuta da na gas. Kamfanin bututu na Energy Transfer ya ci ribar kusan dala biliyan 2.4 daga guguwar, kuma a watan Yunin shekarar shugabansa, Kelcy Warren, ya ba kwamitin yaƙin neman zaɓen Gwamna Abbott gudummawar dala miliyan ɗaya.