Halin al'umma ba a jikin bango ake karanta shi ba

Mutane da yawa suna haɗa al'ada da halin al'umma, alhali ba ɗaya ba ne. Al'ada ita ce abin da ido ke gani: sutura, gaisuwa, bukukuwa. Halin al'umma, wanda Girkawa suka kira itos, yana can ƙarƙashi: me jama'a suke girmamawa, me suke jin kunyarsa ko da babu mai kallo. Asalin kalmar na nufin wurin da aka saba zama, daga baya ta ɗauki ma'anar hali. A 1957 masanin al'adu ɗan Amurka Clifford Geertz ya bambanta ta da yadda mutane ke fahimtar duniya. Fahimtar duniya tunani ce, itos kuwa ɗabi'a ce da yanayin rayuwa.

In kana son gane halin wata ma'aikata, makaranta ko ƙasa, rabu da taken da suka rubuta a ƙofa. Duba wa aka ƙara wa girma, kuma don me. Duba laifin da ake yafewa da wanda ba a yafewa. Wanda ya fi muhimmanci a ganina shi ne ka kalli fuskokin mutane lokacin da ƙaramin ma'aikaci ya miƙe a taro ya ce lissafin nan akwai kuskure. In shugaba ya jawo takardar ya ce nuna mini, gaskiya tana da daraja a wurin. In kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, to shiru ne dokar gidan, ko da an rubuta "gaskiya da riƙon amana" a allo.

Ta nan ɓarna take shiga. Sabon shiga ba ya koyo daga littafin dokoki, daga abin da ya faru da wanda ya riga shi yake koyo. Sau ɗaya aka saka wa maƙaryaci da muƙami, kowa ya ɗauki darasi. Shi ya sa taron bita da sabon take ba sa gyara komai, kuma abin yana damuna ganin yadda ake zuba kuɗi a kansu.

Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce abu uku ke sa a amince da mai magana: basira, nagarta da kyakkyawar niyya. Mai son sauya halin wuri ya fara da takardar ƙarin girma: ya cire sunan wanda ya rasa waɗannan, ya sa na wanda ya faɗi kuskuren lissafin, sannan ya sanar da dalili a gaban kowa.