Kwangilar tsaro ta intanet: wa zai ga farashin?

Wani marubuci ya ce mayar da neman kwangilar kayan soja kan intanet zai toshe ƙofar almundahana, amma ya tsallake wani babban gibi: dokar sayen kayan gwamnatin Najeriya, kamar yadda aka kafa ta a 2007, ba ta hau kan sayayyar tsaro ta musamman ba sai da amincewar shugaban ƙasa. A Yukren ma, sai da 'yan jarida suka bankaɗo a 2023 cewa ma'aikatar tsaro ta ƙulla cinikin ƙwai kan hrivniya (kuɗin Yukren) 17 kowanne, fiye da ninki biyun farashin kanti, sannan aka maido da kwangilar abincin soja kan Prozorro, manhajar intanet ta sayen kayan gwamnatin ƙasar. Na yarda makamai suna buƙatar sirri, amma wane sirri ke cikin farashin takalmin soja, man dizal da buhun shinkafar bariki?